Yadda Za Ku Ci Naman Layya Ba Tare Da Kun Ƙare A Asibiti Ba

Da zarar an ga watan Zulhijja, saƙonni iri ɗaya suke fara shigo mini. Wani ya ce yana da hawan jini, shin ya ci naman layya ko ya haƙura ya zuba wa iyali ido. Wata ta ce duk Babbar Sallah sai yaranta sun yi gudawa, ta rasa ta inda abin yake ɓullowa. Wani kuma mahaifiyarsa ce ke da ciwon suga, ga jikoki suna ta shigo mata da lemon kwalba da cincin tun safe har dare.

A ci nama, don a ci aka yanka shi. Abin da ke kwantar da mutane shi ne naman da zai ishi gida wata guda sai a cinye shi cikin kwana uku, soyayye cikin kitse, gishiri da magi sun ji, a kora da lemo, zafin gari kuma yana lalata wanda ya rage. Duk wanda ya bari sai an dire masa tire a gaba sannan zai fara tunanin kame baki, ya makara. Aikin yana farawa tun rago bai shigo gida ba, kuma a wurin rabo ake gama mafi yawansa. Ga matakan bi da bi.

1. Kwana uku kafin Sallah: awo da cefane

Duk wanda ya haura shekara 40 a gidan, da duk mai shan maganin hawan jini ko na suga, a auna shi kafin ranar Arfa. Awon jini a kemis ko ƙaramin asibitin unguwa minti biyar ne, kuɗinsa ko kusa bai kai na kilon nama ba. Idan ya nuna 140/90 ko sama, a sake aunawa washegari bayan mutum ya zauna ya huta. In bai sauka ba, a ga likita tun ba a tafi hutu ba. Sugan safe kafin a karya, in ya kai 126 a na'urar da ke lissafi da mg/dl, wato 7.0 a mai lissafi da mmol/L, shi ma na ganin likita ne.

A sayi maganin da zai kai sati biyu. A ranakun hutu ɓangaren gaggawa ne kawai za ka tarar a buɗe a yawancin asibitoci, mai kemis ɗin unguwa kuma ya tafi garinsu.

Kayan aikin ba su da yawa: katakon yanka biyu da wuƙa biyu, ɗaya na ɗanyen nama ɗaya na kayan lambu, fararen ledojin ƙulli, kwandon ƙarfe na tsane mai, sabulu, ƙullin gishiri da suga na ORS kamar guda shida, da ƙwayar zinc idan akwai ƙananan yara. In da sikeli a gida ko a maƙwabta, a aro.

A cikin kowace Naira 10,000 da aka ware wa cefanen Sallah, a cire Naira 2,000 zuwa 3,000 a ba kayan ganye da na marmari: zogale, alayyahu, rama, kabeji, karas, kokwamba, kankana, gwanda, lemon zaƙi. Ba sai an ƙara kasafi ba, daga kuɗin kiret-kiret na lemo da galan na man suya za a zaftare. A kuma saya kafin jajiberi, lokacin da 'yan gwari suke cin kasuwarsu.

2. A kara: zaɓen dabba

Ku duba ido garau, hanci ba majina, baya ba alamar zawo, tana tafiya ba ɗingishi, tana ci tana tuƙa. Ku tambayi dillali ko an yi mata allura kwanan nan. Kowane maganin dabbobi yana da adadin kwanakin da ake jira kafin a yanka, a rubuce a jikin kwalbarsa, domin ragowar magani tana zama cikin nama da hanta. Amsar dillali ba ta cika zama abin dogaro ba, shi ya sa na fi son mutum ya sayi dabbarsa da sati biyu ya tsare ta a turkensa, in yana da wuri.

Gargaɗi: dabbar da ta faɗi ba zato, jini mai duhu da ba ya daskarewa yana fita ta hanci, baki ko dubura, kada a yi saurin sa mata wuƙa da sunan kada a yi asara. Kada a feɗe ta, kada a taɓa da hannu, a kira likitan dabbobi. Alamar cutar antiraks ke nan, kuma tana kama mutum. A watan Yunin 2023, gab da Sallah, gwamnatin Najeriya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda bayan cutar ta ɓulla a arewacin Gana, kuma a watan Yuli aka tabbatar da ita a wata gona a Suleja. Kaska ma kada a murtsuke ta da yatsa, akwai zazzaɓi mai sa zubar jini da take ɗauke da shi.

3. Yanka, fiɗa da rataya

A yi fiɗa a rataye ko a kan shimfiɗar leda mai kauri, ba a kan ƙasa ba. Mai fiɗa ya kula kada wuƙa ta huda tumbi ko hanji, don daga nan ƙwayoyin cutar gudawa suke malalowa kan tsoka. A cire matsarmama a hankali. Kayan ciki a kai su can gefe a wanke, da roba daban da wuƙa daban.

A tsaya a duba hanta da huhu da kyau. In an ga ƙulli-ƙulli masu ruwa, ko fararen ƙuraje masu tauri, ko tsutsa a cikin hanta, a binne wannan ɓangaren. Kada a jefa wa kare, ta kashinsa cutar take komawa ga dabbobi da mutane.

Sai maganar rataye rago ya kwana ya sha iska. Al'ada ce, kuma nama yana tsanewa ya fi daɗin yanka. Amma Sallar waɗannan shekarun cikin zafi da farkon damina take faɗowa: a Najeriya an yi ta ranar 16 ga Yuni a 2024, da 6 ga Yuni a 2025, kuma kowace shekara tana matsowa da kimanin kwana 11. Daren da mutum yake kwana yana gumi, cinyar rago ma ba ta huce ba. Wanda ke da firiza da wuta ya yayyanka naman a ranar. Wanda dole sai ya rataye, ya raba gida biyu ko huɗu don cikin tsokar ya huce, ya sa a inuwa inda iska ke ratsawa, ya lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, ya fara aiki da asuba. A Yamai da Maraɗi da Damagaram, inda ake banƙare rago a jikin itace a jera kewaye da wuta tun ranar, naman yana samun zafi da wuri, sai dai a tabbata wutar ta ratsa cinya da kafaɗa.

Gargaɗi: kada a lulluɓe nama da gidan sauro mai magani, kada kuma a fesa maganin ƙwari kusa da shi. Kayan ciki ba sa kwana, a dafa su a ranar.

4. Rabo, kafin a ɗora kasko

Nan ne wurin da ake cin nasara ko a faɗi. Ragon da yake da nauyin kilo 40 a raye yakan ba da kilo 18 zuwa 20 bayan fiɗa, har da ƙashi. In an cire ƙashi, tsokar ba ta wuce kilo 13 ko 14. Cibiyar World Cancer Research Fund, mai bincike kan cutar daji, ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a sati. Giram 500 dafaffe daidai yake da kimanin giram 700 ɗanye. Gida mai manya shida ke nan kilo huɗu da 'yan kai ya ishe su sati guda cur. Wato kashi ɗaya cikin uku na rago guda. Ba a ma lissafa kai da ƙafa da kayan ciki ba, ballantana cinyar da surukai za su aiko da kason watanda da maigida ya shiga a wurin aiki.

Malaman Malikiyya ba su ƙayyade yawan abin da za a ci da wanda za a bayar ba, wasu malaman kuma sun so a kasa uku: na gida, na kyauta, na sadaka. Ko wanne ka bi, lissafin lafiya ya fi karkata ga bayarwa da yawa. Ga yadda za a yi:

A fara fitar da na mutane, a ƙulla, a ba yara su kai tun kasko bai hau wuta ba. Naman da aka ce "bari a soya sai a raba" rabinsa a bakin murhu yake ƙarewa, uwargida ta ɗanɗana, yara su tsakura, maigida ya leƙo ya ce a sammasa.

Na gida kuma a kasa shi kwana-kwana. Kowane ƙulli abin da za a ci a yini ɗaya, gwargwadon yawan mutanen gidan. A ranakun Sallah uku a ninka, babu laifi, biki ne. Sauran ya tafi ajiya nan take, inda ido ba ya gani.

A yanke kitsen da ake gani a tara gefe. Shi ne zai yi suyar ajiya, ba sai an sayi mai da yawa ba.

Gargaɗi: ba a sayar da naman layya ko fatarta, ba a kuma biyan mahauci ladan fiɗa da su. A tanadi kuɗinsa daban.

5. Ajiya

Mai firiza ya shimfiɗa ƙullin a kwance, kada ya cusa kilo goma cikin leda ɗaya, domin tsakiyar sai ta fara wari kafin sanyi ya kai gare ta. In an ɗauke wuta, cikakkiyar firiza da ba a buɗe ba tana riƙe ƙanƙara kimanin awa 48, mai rabi awa 24, firji kuwa awa huɗu kacal. A hana yara buɗewa don neman ruwan sanyi, a sa musu nasu a kula. Naman da ya narke gaba ɗaya har sanyinsa ya fita, ba a mayar da shi. In bai daɗe ba a dafa shi take, in ya canza wari ko ya yi yauƙi a zubar. A firji ɗanyar tsoka tana kai kwana uku zuwa biyar, kayan ciki kwana ɗaya zuwa biyu.

Wanda bai amince da wutar NEPA ba, suyar iyaye ita ce mafita, amma a yi ta yadda suke yi. A tafasa naman har ruwansa ya tsotse, a soya har ya bushe ƙayau, a tsane a kwando, a baza ya huce sarai kafin a rufe. In an rufe da ɗumi zai yi gumi, gumi kuma shi ke kawo fumfuna. A ɗiba da busasshen cokali, ban da jiƙaƙƙen hannu. Bayan 'yan kwanaki a sake ɗumama shi a kasko. Dambun nama ma haka, sai ya bushe yake daɗewa. Masu kilishi su shanya a kan gado mai tsayi a rufe da raga, su shigar da shi kafin dare saboda ɓera, wanda fitsarinsa da kashinsa ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

Soyen ajiya na miya ne, yanka biyu-uku a tukunya. Ba na ɗauka a jefa baki duk wucewa ba ne. A ɗora shi can saman kanta.

6. Girki

Wanda za a ci a ranakun Sallah, kada duka ya bi ta kasko. A rarraba: farfesu yau, gashi gobe, miyar taushe ko ta ganye jibi. In an tafasa nama, a bar romon ya huce, kitsen zai taso ya daskare a sama, a kwashe da ludayi kafin a yi miya da shi. Langaɓu ya fi kowa buƙatar wannan.

Gishiri shi ne babban mai laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda, daga duk abin da ya ci. Kusan rabin kowane dunƙulen magi gishiri ne. Uwargida ta duba inda yake shiga: a tafasa, a miya, a shinkafa, a yaji, sannan a barbaɗa a faranti. A zaɓi wuri ɗaya. In an sa a tafasa, romon ya ishi miya. A rage magi zuwa rabin abin da aka saba, a cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba da kanumfari. Yajin gida a daka shi da ƙuli-ƙuli da barkono da citta, gishirin kaɗan. Na kasuwa galibi gishiri da magi ne suka cika shi.

Wajen gashi, a bar wuta ta zama garwashi, a ɗaga ragar sama, a riƙa juyawa. Kitse yana ɗiga kan gawayi ya tayar da hayaƙi, hayaƙin da baƙin da ya ƙone su ne ba a so, a kankare su. Nama ya dahu har ciki, ba ja, ruwan da ke fita ya zama fari. Hantar da ake gasawa da gaggawa don a fara karyawa da ita, ita ce aka fi ci da jini-jini, a yanka ta sirara.

Gargaɗi: kada a yi babbakar kai da ƙafa da taya, leda ko roba. Itace, gawayi ko gas. Kada a jefa ƙwayar farasitamol a tukunya wai don nama ya yi laushi, kanwa ma a sassauta mata, 'yar'uwar gishiri ce a wurin mai hawan jini. A goga ɗanyar gwanda a cuɗa naman da ita a bar shi kamar rabin awa, ko a yi amfani da tukunyar matsi. Man suya da ya yi baƙi yana kumfa an gama da shi.

Gargaɗi na biyu: a kori yara daga wurin suya. In mai ya zuba wa wani, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja.

Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili, in ana tsananin zafi awa ɗaya. Shinkafar da ta wuni a kula ta huce tana iya yin dafin da ɗumame ba ya kashewa, kuma wani lokaci gudawar da ake ɗora wa nama daga nan take. A dafa daidai ci, sau biyu a yini.

7. Faranti

Kowa da farantinsa, ko da an saba cin tire. A cikin taro mutum ba ya sanin abin da ya ci, mai saurin hannu kuma shi ke cutuwa. Rabin faranti ganye: kwaɗon zogale ko na rama, kabeji da kokwamba da karas, ba 'yan silalan albasa uku da mai tsire ke yi wa ado da su ba. Kashi ɗaya cikin huɗu tuwo, shinkafa, waina ko sinasir, a zaɓi ɗaya. Ragowar nama, faɗin tafin hannunka ban da yatsu, kaurinsa kamar na tafin. Wannan kimanin giram 100 ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tafi biyu a yini a ranakun Sallah ya wadatar, na yara kuma da tafinsu za a auna.

A fara da ganyen. A tauna a hankali, domin ƙoshi yana ɗaukar kamar minti 20 kafin mutum ya ji shi. Kafin ƙari a dakata wannan lokacin. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki uku, abinci da abin sha da numfashi, kowa ya haddace shi, ranar Sallah ce dai ake mantawa.

A sa naman ya fi yawa da rana. Da dare abu mara nauyi, kuma a bar awa biyu zuwa uku tsakanin ci da kwanciya saboda ƙwarnafi. Tattakin minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci yana rage hawan suga a jini. Masallacin da ke nesa kaɗan ya isa, gaisuwar cikin unguwa ma a bar babur a je a ƙafa.

Gargaɗi: yaro ƙasa da shekara biyar a yayyanka masa nama ƙanana, a cire ƙashi da jijiya, ya ci a zaune.

8. Abin sha

Kwalbar Coca-Cola mai 50cl tana da suga kimanin giram 53, kusan cokalin shayi 13. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba a yini kimanin giram 50 ne, ta ce in an tsaya a 25 ya fi. Kwalba ɗaya ta cinye kason yini, ba a zo kan alkaki da dubulan da nakiya ba. Lemon malt da ake ba tsofaffi da masu jego da sunan ƙarin jini shi ma cike yake da suga.

A yi zoɓo a gida. Kofi ɗaya na suga, kimanin giram 200, a cikin lita biyar bai kai rabin zaƙin lemon kwalba ba, in an sa citta da kanumfari da ɓawon abarba ba mai ƙorafi. Tsamiya ma haka. Kunun aya da zaƙinsa yake zuwa, dabino kaɗan ya isa, amma ba ya jure zafi, a sha a ranar. Zuma da dabino a wurin mai ciwon suga duk suga ne.

Maganar cewa lemo mai gas yana narkar da abinci ba gaskiya ba ce, gyatsa kawai yake sawa. Haka shayin majalisa da ake cewa yana wanke kitse, alhali an zuba masa suga har cokali yana tsayawa. Ruwa dai, tsabtatacce, a kai a kai. In fitsari ya yi duhu, ruwan bai isa ba.

9. Yawon Sallah

Gida biyar, faranti biyar, kuma ƙin ci a gidan manya abin magana ne. Kada ka fita da yunwa. Tun daga gida ka yanke inda za ka ci sosai, gida ɗaya, galibi na iyaye ko na surukai. Sauran ka sa albarka da yanka ɗaya, ka sha ruwa. Da an matsa, ka ce, "Gwaggo, wallahi yanzu na tashi daga kan abinci, a ƙulla mini in tafi da shi, ba zan bar girkinki ba." Ba wadda za ta ji haushin wannan. Mai lalura ya faɗi gaskiya: "Hajiya, likita ya hana ni lemo, a ba ni ruwa." Ƙullin da aka tara kada ya wuni a bayan mota, a miƙa wa mai buƙata a hanya.

Masu karɓar baƙi kuma su sauƙaƙa wa mutane. A ajiye yankakkiyar kankana da ruwa kusa da cincin, a zuba nama a ƙaramin faranti. Yara in sun tara kuɗin barka da Sallah, a karɓa a adana musu mafi yawa, in ba haka ba a wurin mai alawa da askirim ɗin da ba a san ruwan da aka yi shi da shi ba za su ƙare.

10. Masu lalura

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin su glibenclamide ya kula da safiyar Sallah. Mustahabbi ne a jinkirta ci har a sauko daga Idi a ci daga layya, amma wanda ya sha maganinsa ya fita rana ba komai a ciki, suga na iya faɗuwa ƙasa da 70 mg/dl. Alamarsa rawar jiki, gumi, jiri da ruɗewa. Ya karya kafin ya fita, ya sa dabino uku ko alawa a aljihu. Shi tuwo da waina da lemo ne suka fi ɗaga masa suga, ba nama ba.

Mai hawan jini ya nisanci kilishi, yajin kasuwa da soyen ajiya, a ɗebar masa nasa kafin a sa magi. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa adadin naman da zai ci tun kafin Sallah. Wanda babban yatsan ƙafarsa ke kumbura cikin dare da azabar zafi, ciwon da likitoci ke kira gawut, ya bar hanta, ƙoda da sauran kayan ciki. Mai juna biyu ta ƙaurace wa hanta saboda yawan bitamin A da ke cikinta, kuma kada ta ci naman da bai dahu ba. Mai gyambon ciki ya rage yaji da maiƙo, ya guji ibuprofen da diclofenac.

11. In ciki ya ɓaci

Gudawa: ƙullin ORS ɗaya a cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. In babu, cokalin shayi shida na suga a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya. A riƙa kurɓa, a zubar da ragowar bayan awa 24. Yaro ya sha zinc kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a yini, in bai kai wata shida ba miligiram 10, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Kada a ruga a sayi Flagyl da tetracycline ba da umarnin likita ba. Taurin bayan gida kuma, wanda shi ke tayar da basir bayan kwana uku ana nama zalla, gwanda, zogale, wake da ruwa ne maganinsa na farko.

A tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan aka ga ɗayan waɗannan: gudawa mai kama da ruwan shinkafa, jini a bayan gida, aman da ko ruwa ba ya zama, yaro ya yi laushi ido ya faɗa, ciwon ƙirji mai danna mutum yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, awon jini 180/120 tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani, ko ciwon ciki mai tsanani ta saman dama ko tsakiya bayan cin maiƙo. Ciwon ƙirji a irin wannan rana kada a ce ƙwarnafi ne a tsaya jiƙa kanwa.

12. Daga kwana na huɗu

A koma ƙulli ɗaya a yini, bayan sati a koma sau biyu ko uku a mako, sauran ranakun wake, kifi, ƙwai ko awara. Ba a azumi ranar Sallah da ranakun tashriƙi, amma daga 14 ga wata mai iko zai iya komawa Litinin da Alhamis. Ban da shan maganin wankin ciki ko shayin rage ƙiba don ramuwa, ruwan jiki kawai suke zubarwa. Waɗanda aka auna kafin Arfa a sake auna su bayan sati ɗaya, a rubuta lambobin biyu a takarda ɗaya a tafi da ita ranar ganin likita.